Bokitinki Bai Bushe Ba, Zuhra

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni na shekarar 2024, saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, Allah ya karɓi ran Zuhra Koritska, ɗalibata kuma maƙwabciyata, tana da shekara hamsin da tara. Ta faɗi ne a fadamar bayan gidanta, tana juya ciyawar da aka yanka don ta bushe. Danuta mai raba wasiƙu ce ta hango ta daga kan keke. Kafin motar asibiti ta iso daga garin Sokulka, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Ranar Alhamis muka kai ta maƙabartarmu ta Musulmin Tatar da ke Bohoniki, muka kwantar da ita kusa da mijinta.

Ni Bekir Haletski ne, tsohon malamin firamaren ƙauyen nan. Shekarata tamanin da shida. Matata ta riga ni, ba mu bar ɗa ba, abokan karatuna duk suna ƙarƙashin itatuwan Bohoniki. Na daɗe da sa rai cewa ke ce za ki tsaya a kan kabarina, Zuhra, ki tabbatar an rubuta sunana daidai a jikin dutse. Sai ga shi ni ne nake riƙe da alƙalami da yatsun da ba sa lanƙwasuwa, ina rubuta naki.

Na san ki tun kina 'yar aji ɗaya. A lokacin kaka kullum a makare kike zuwa, takalmanki duk taɓo, kina warin doki. Mahaifinki yana kai burak, wato saiwar da ake tatsar sukari daga cikinta, zuwa masana'antar sukari da keken doki, ya dawo da keken cike da dusar da ta rage bayan an tatse sukarin, jiƙe sharkaf, tana tururi cikin sanyin safiya. Ke ce mai riƙe masa linzami yana saukewa. Na taɓa tsayar da ke a gaban allo na ce ki zaɓa, ko lissafi ko doki. Kika dube ni kika ce, "Malam, doki ya fi lissafi sanin hanyar gida." 'Yan aji suka fashe da dariya. Na yi niyyar yi miki horo, amma sai na ce ki koma ki zauna.

Da matata Felitsiya ta rasu, na rufe ƙofa na zauna. Ke kika buɗe ta. Duk ranar Juma'a sai kin shigo da tukunyar kolduni, ƙullin fulawa mai nama a ciki, a naɗe cikin tawul, da romonsa da zafinsa, ki tsaya a kaina har sai na cinye. Ba ki tsaya nan ba. Wata rana kika ɗauko hulata da sandata kika miƙo mini.

"Tashi, Malam. Zaman ɗakin nan zai kashe ka tun tsufa bai samu damarsa ba."

Na ce ba ni da inda zan je.

"Akwai benci a ƙofar barga. Ina buƙatar mai gaya mini kuskurena, ka san na saba."

Tun daga ranar bencin nan ya zama ajina na ƙarshe, sai dai wannan karon ni ne ɗalibin. A kansa na koyi abin da ake nufi da tseren dogon zango, wanda kika ba rabin rayuwarki. Da farko na ɗauka sukuwa ce irin ta kowa. Ashe tafiya ce ta kilomita ɗari da ashirin cikin daji, daga hudowar rana har yamma, kuma a kowane zango likitan dabbobi yana jira. Zai saurari bugun zuciyar doki, ya kasa kunne a cikinsa, ya tsunkuli fatar wuyansa ya saki. In fatar ta kwanta nan take, doki yana da ruwa a jiki, a ci gaba. In ta tsaya a tsunkule, tafiya ta ƙare, ko da kai ne a gaban kowa.

Goɗiyarki Iskra fara ce, jinin dawakin Larabawa, ƙafafunta kamar ƙarfe, numfashinta ba ya ƙarewa. Aibinta ɗaya ne: ba ta shan ruwan da ba na rijiyar gidanki ba. A kai mata ruwan wani wuri, sai ta sunsuna, ta hura hanci, ta juya kai kamar an zage ta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, aka cire ku daga tsere saboda wannan. Ruwan gida da kike ɗauka a jarka ba ya isa yini guda, kuma a tsakiyar daji babu mai biyo ki da shi. Bara a dajin Knishin kuna cikin na gaba, saura zango ɗaya, kika sauka kika tsunkuli wuyanta da kanki. Ba ki jira likita ya yi magana ba, kika kwance sirdi. Da kika dawo na tambaye ki ko ba ki yi gaggawa ba. Kika ce, "Kofin da za a ba ni ba ya jin ƙishirwa, Malam. Ita tana ji." Ban taɓa ganin kin yi nadamar wannan ba, amma na ga yadda kika zauna a bakin komi kina kallon bokiti har rana ta faɗi.

Daga nan kika koma ga abin da kika sani tun kina yarinya, wato dusar burak. Masana'antarmu ta daɗe da rufewa, yanzu a buhu ake sayo dusar, busasshiya, an dunƙule ta ƙanana ƙanana masu tauri kamar kashin akuya. Kin yi mini bayani yadda nake yi wa yara a da. Hatsi, in ji ki, kamar wutar kara yake a cikin doki, ya tashi da ƙarfi ya mutu da wuri, ya bar shi da zafin kai. Dusar burak kuwa a hankali take ci kamar gungume, kuma tana riƙe ruwa a cikin hanji, doki ya yi ta tafiya da guzurin ruwansa a ciki. Sai dai ba a ba da ita a bushe. Ta safe da yamma ake jiƙa ta, ta yamma kuwa da safe, har ta kumbura ta cika bokitin da ta shiga a ƙasansa kawai. Ke kuma ba ki yarda da ido ba. Sai kin naɗe hannun riga, kin zura hannu har gwiwa, kin murje ta dunƙule bayan dunƙule, kina neman ƙwaya ɗaya da ta ƙi narkewa.

Dabararki ita ce ki riƙa ƙara ruwa kaɗan kaɗan, har abin da ke cikin shuɗin bokitin nan ya zama ruwa ne mai ruwan ƙasa, mai ƙanshin burak. In Iskra ta saba da ƙanshin, ba za ta ƙara tambayar rijiyar da ruwan ya fito ba. Don haka kika shiga bin gidaje da jarka a kan keken hannu kina roƙon ruwa. Duk ƙauye aka samu abin dariya.

"Pani Zuhra, rijiyarki ta ƙafe ne, ko kin fara sayar da ruwa?" in ji Danuta. Pani da Pan su ne Malama da Malam a yaren ƙasar nan.

"Ɗanɗano nake tarawa. Naki ma kawo, na ji an ce ya fi na kowa warin tsatsa."

Danuta ta kawo, ta tsaya kallo, daga kallo ta fara riƙe ragama, daga nan ta koma hawan Iskra duk ranar da gwiwarki ta hana ki. Ita Kirista ce, ke Musulma Batatariya, amma ban taɓa ganin 'yan'uwa biyu da suka fi ku iya faɗa a kan ɗaurin sirdi ba. Zuwa bazarar bana Iskra tana shan rabi da rabi, na gida da na waje. Kika ce kafin tseren watan Satumba za ta sha baƙon ruwa zalla. Ba ki ga ranar ba.

Dole in rubuta abin da ya faru ranar jana'izarki, kuma Selim ya ba ni izini. Ɗanki ya taho daga birnin Gdansk inda yake aiki a tashar jiragen ruwa. Bayan mun dawo daga maƙabarta gida ya cika da mutane, ana raba sadoga, wato sadakar mamaci, gurasa da jaima, alewarmu mai zuma, kowa ya karɓa ya yi miki addu'a a kai. Cikin wannan hidima babu wanda ya tuna da barga. Iskra ta yi ta haniniya tun safe. Selim ya ji, ya tashi da baƙar kwat ɗinsa ya tafi. Ya ga buhu an rubuta dusar burak a jiki. Shi abin da ya sani tun yana ƙarami shi ne yadda kakansa yake kwasar dusar daga keke da shebur ya zuba wa shanu kai tsaye, domin a wancan zamani a jiƙe take zuwa. Kowane ɗan ƙauyen nan da ya girma kafin a rufe masana'anta haka ya sani. Ya cika kwano ya juye mata a komi, ya shafa wuyanta, ya koma wurin baƙi.

Ni na gaji da zama, na fito zan tafi gida. Ƙafata ce ta kai ni wajen bencin don sabo. Na tarar da Iskra ta miƙe wuya, tana kakari, wani kumfa mai ruwan ƙasa yana zubowa ta hancinta. Da yunwa ta haɗiyi ƙwayoyin, suka kumbura a maƙoshinta suka toshe. Ba ni da ƙafar gudu, ba ni da muryar kira. Na ɗaga sandata na yi ta dukan tsohuwar garwar da ke ƙofar barga har mutane suka fito. Likitar dabbobi ta zo ta zura mata tiyo ta hanci, tana zuba ruwan ɗumi tana zuƙowa, har toshiyar ta wuce. Selim yana riƙe da ragama, kwat ɗinsa duk kumfa. Da aka gama ya jingina da bango ya ce da ni, "Kawu, yau na binne uwata, saura kaɗan in kashe mata goɗiya." Na ce masa yunwarta ya ji, shi ya sa ya tashi, mu duka muna zaune.

Iskra ta rayu, amma ta ɗauki tsoro. Ko ƙanshin burak ta ji sai ta ja da baya zuwa kusurwa. Ciyawa kaɗan take tsakura, ruwan gida ma sai ta ga dama. Haƙarƙarinta ya fara bayyana. Kafin Selim ya koma bakin aiki ya kira ni da Danuta. Ya ce wani mai gidan hutu a bakin tafki yana son ta, inda za ta riƙa zagaya fili da yaran baƙi a bayanta. Mutumin kirki ne, ba zai dake ta ba.

Danuta ta ce ita za ta hau ta, za ta kai ta tseren.

Selim ya ce, "Hawa daban, Pani Danuta. Ke kina kan keke da jakar wasiƙu tun safe. Wa zai jiƙa dusar nan safe da yamma? Wa zai murje ta?"

Na ce ni.

Ya dube ni, ya dubi hannuwana. "Kawu, butar shayinka ma da hannu biyu kake ɗagawa."

"To da hannu biyu zan ɗaga bokitin."

Bai yi dariya ba. Ya ce zai dawo addu'ar arba'in. In ya tarar tana ci tana sha daga hannun wani, zai bar ta wurin Danuta. In ya tarar tana ramewa, ba zai tsaya yana kallon ta tana mutuwa a bargar uwarsa ba. Ban ga laifinsa ba. Magana ce ta mai hankali.

Zuhra, ban taɓa sanin ruwa yana da nauyi haka ba. Na ɗauko keken da nake turawa zuwa kanti, na ɗaura masa tukunya, ina ɗebo ruwa rabi rabi daga rijiya. Ruwan sanyi yana sa yatsuna su ƙage, don haka nake haɗawa da na buta. Na naɗe hannun riga yadda kike yi, na zura hannu, na murje. Fatar hannuna ta rine ta koma ruwan ƙasa, har liman ya tambaye ni ranar Juma'a ko na fara jima ne da tsufana. Danuta takan zo bayan ta tashi aiki, ta ɗauki bokitin ta shiga, tana lallashi kamar mai goyon mara lafiya. "Zo mana 'yar gari, zo ki taɓa kaɗan, don Allah." Ta goga tuffa a kai, ta ɗiga zuma. Iskra ta dube ta ta juya mata gindi. Kowace yamma kaji ne suke cin wahalata. Danuta ta fara cewa wataƙila gidan hutun ba laifi ba ne. Na ce ta riƙe wannan maganar har arba'in ta wuce.

Wata safiya na gama murzawa, numfashina ya ƙare. Na kasa kai bokitin komi. Na kife tsohuwar garwa a tsakiyar barga na zauna a kai, bokitin a tsakanin ƙafafuna, na ba Iskra baya domin ban son ta ga fuskata. Haushi ya kama ni, na ce da ƙarfi, "To zauna da yunwarki. Dama ba naki ba ne." Ina zaune ina jiran ƙirjina ya lafa, sai na ji ɗumin numfashi a ƙeyata. Wani dogon farin kai ya zuro ta kan kafaɗata a hankali, ya nutsa cikin bokitin.

Ban motsa ba. A nan ne na tuna. Wata da watanni ina kan benci ina jin ki kina cewa, "Kauce, ɓarauniya, ba naki ba ne, na Malam ne," kina zaune a kan wannan garwar, kin ba ta baya, kina ture hancinta da gwiwar hannu. Na ɗauka wasa kike yi don ki tsokane ni. Ashe goɗiyar nan ba ta karɓar kyauta. Abin da aka miƙa mata zargi take yi masa, abin da aka hana ta shi take so. Ke kin gane haka tuntuni, kika bar ta tana sata a hannunki kullum, tana ganin ita ce mai wayo.

Da na gaya wa Danuta, ta ce, "Pan Bekir, wato duk roƙon da na yi ta yi, zagi ya kamata in yi?" Na ce ta gwada, ai ta iya. Ta iya kuwa. Daga ranar muka koma kan tsarinki, muna ƙara ruwa, muna ƙara na waje a kan na gida.

Ranar arba'in muka taru a Bohoniki, aka karanta miki Yasin, aka raba sadoga. Kafin mu taho na roƙi Selim ya cika mini jarka a famfon da ke ƙofar maƙabarta. Ya ɗauka don tabarruki nake so, bai tambaya ba. Ruwa ne mai ɗanɗanon ƙarfe, Iskra ba ta taɓa jin warinsa ba. A gida na juye shi a kan 'yar dusar da na jiƙa da safe, ban ɗiga na rijiya ko kaɗan ba. Na murje, na ce da Selim ya zauna a kan garwar.

"Ni kuma, Kawu? Ni ne fa na shaƙe ta."

"Shi ya sa. Zauna, ka ba ta baya. Kada ka waiwaya. Ka gaya mata ba nata ba ne."

Ya zauna, bokitin a tsakanin ƙafafunsa. Da ya buɗe baki, ba maganata ya maimaita ba. Taki ce ta fito, da irin karin muryarki, yadda yake jin ta in ya zo hutu: "Kauce, ɓarauniya, na Malam ne." Iskra ta ɗaga kunne. Ta tako, ta tsaya, ta sunsuni gashin kansa. Sannan ta zura kai ta kan kafaɗarsa ta sha. Muna jin kowane haɗiya. Ba ta ɗago ba sai da bokitin ya yi ƙara a ƙasa. Selim bai waiwaya ba. Danuta ta matsa ta tsunkuli fatar wuyanta ta saki, fatar ta kwanta.

Da yamma Selim ya kira mai gidan hutu ya ba shi haƙuri.

To ga inda muke, Zuhra. An rubuta sunan Iskra a tseren Satumba, Danuta ce a kan sirdinki. Likitana ya ce yini guda a daji ya fi ƙarfina. Na gode masa, na ce ya rubuta mini maganin da zan riƙe a aljihu. Selim ya ɗauki hutu, shi zai tuƙa ni daga zango zuwa zango, da garwar da shuɗin bokitin a bayan mota. Ban ce za ta zo ta ɗaya ba, ke ma ba wannan kike nema ba. Abin da na ɗaukar miki shi ne, a kowane zango za ta tarar da tsoho zaune ya ba ta baya, yana riƙe da ruwan da ba nata ba. In na tsunkuli wuyanta na ga fatar ta tsaya, ni da kaina zan ce a kwance sirdi, kamar yadda kika yi. In ta kwanta, za mu ci gaba har ƙarshen hanyar da kika bari. Ba ni da gurasa ko jaima da zan raba a madadinki, hannuna ba ya iya kwaɓi. Wannan bokitin shi ne sadogata, safe da yamma, muddin ina iya tura keken nan zuwa rijiya.

Allah ya jiƙan ki, Zuhra, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Ke da ba ki yarda dabba ta kwana da ƙishirwa ba, ba ki yarda tsoho ya yini shi kaɗai ba, Allah ya shayar da ke daga tafkin Annabinsa, shan da babu ƙishirwa bayansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Selim da iyalinsa, da dukan dangin Koritski, da Danuta da ta rasa abokiyar faɗa, da jama'armu 'yan kaɗan da suka ƙara raguwa da mutum ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Tawa ba ta da nisa, na sani. Ina roƙonsa kawai ya bar ni in kai Satumba.

Bekir Haletski